Kwanan Tanti da Mista Harlow

Cikin duk kwanakin aikina, akwai wata Laraba da ban taɓa mantawa da ita ba. Lokacin kuɗin fetur ne, ina ƙaramin akawu a wani kamfanin aika kaya Najeriya a titin Old Kent Road, a Ingila. Ka'idar wurin, sabon ma'aikaci yakan yi wata shida na gwaji, sannan manaja ya sa hannu a tabbatar da shi ko a sallame shi. Nawa saura kwana uku.

Ran Talata manajan, Mista Harlow, ya ce mini, "Gobe in an tashi za mu fita bayan gari mu kwana a tanti, jibi mu dawo ofis."

Na kai maganar wurin Malam Sule, babban akawunmu, Bazazzagi. Ya cire tabarau ya ce, "Kai Audu, mai gida da ruwan zafi a famfo ya tafi daji ya kwana a ƙasa? In babba ya ja ka gefe, ba ya son kunyata ka gaban mutane ne. Wannan da ya ja ka har daji, sai dai haƙuri."

Don haka na sa kwat da nektai, na ɗauki fayil ɗin ayyukana don in kare kaina. Mista Harlow kuwa ya zo da gajeren wando.

Muka sauka a wata makiyaya a Kent. Ya kafa tanti, ya kunna risho, ya dafa shayi, ya buɗe kifin gwangwani. Na zauna kan ciyawa mai laima, fayil a cinya, ina jiran hukunci. Ya dubi tumaki, na dubi tumaki. Sau ɗaya ya yi gyaran murya, na buɗe fayil, sai ya ce da alama za a yi yayyafi. Aka kuwa yi. Na tuna mahaifina ya sayar da bijimi ya biya mini karatu don kada in sake kwana a ƙasa, ga shi ilimin ya kawo ni Ingila na kwana a ƙasa.

Da safe muna naɗe tanti na kasa daurewa. "Yallaɓai, maganar gwajina fa?"

"Wane gwaji? Ai tun Litinin na sa hannu. Ba a ba ka takardar ba?"

"To, me ya sa aka kawo ni nan?"

"Waya ta ishe ni, kowa siminti yake nema. A ofishin nan kai kaɗai ka iya zama shiru."

Ban gaya masa tsoro ne ya rufe mini baki ba. Shekara huɗu ana tafiya da ni duk bazara, ina shiru.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, abin da na koya ke nan: sau da yawa ana riƙe ma'aikaci ne don wani hali da bai san yana da shi ba. In an faɗa maka, ka ce na gode, ka nemi bargo mai kauri.