Zagaye Ɗaya a Kalambaina

Ko tsufa ya cinye min hankali, ba na jin zan manta ranar da na goya mahaifina a babur ɗin tsere.

Baba bakanike ne a unguwar Gawon Nama. Lokacin da na sayi babban babur, idonsa ya riga ya tafi, amma kunnensa da yatsunsa suna nan daram. Ni kuwa kaina na rawa. Duk Asabar muna tsere da abokai a wani fili can wajen Kalambaina, kuma akwai wata kwana da ta hana ni sakat: da na sauke giya da gudu, sai tayar baya ta yi tsalle kamar akuya ta ga kura.

Kulocin babur ɗin irin mai zamewa ne, aikinsa ya ɗan saki don taya ta zauna. Baba ya lalube shi, ya ce sifirin ɗin sun yi tauri, ya canza su. Ya kuma sa min farantin sarƙa na baya mai ƙarin haƙori biyu, wai zan fi fita kwana da ƙarfi. Na yi ta mita cewa ya rage min gudu, bai kula ni ba. Ya dai ce ba zai san aiki ya yi ba sai ya ji shi a jikinsa, dole in goya shi.

Ranar Asabar a filin, kunya ta kama ni, ga abokai suna kallo, ga tsoho da hula da carbi a bayana. Muka tashi. Muna dosar kwanar ya daki kafaɗata, na sauke giya, taya ta kwanta lumui. Sai na ji yana dariya a bayana, irin wadda rabona da ji tun yana gani.

Da muka tsaya bai sauka ba.

"Ɗana, ƙaro muna zagaye guda."

"Baba, ai aiki ya yi, mi ya rage? Jirana akai. Wani sati in sha Allahu."

Ya ce to. Ya lalubi ƙasa da ƙafa, ya sauka, na zaunar da shi a inuwa. Na ci tseren ranar, har ina ta cika baki.

Ranar Laraba ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Sai a zaman makoki yayata ta gaya min kafin ranar nan shekararsa shida bai hau babur da gudu ba, kuma tun daga tsallen tayar da na kwatanta masa ya san aikinsa zai yi. Iskar kawai yake marmari.

Har yau ban taɓa saitin nan ba. Duk sanda na doshi kwana, kafaɗata tana jiran hannunsa, kuma wallahi ina kewarsa. Zagayen bai fi minti biyu ba. Tun daga nan, in tsoho ya roƙe ni abu kaɗan, ba na ce masa wani sati.