Yadda Na Kusa Rushe Karatun Jikata Da Bakina

Lokacin da abin nan ya faru, ni tsohuwa ce mai ji da kanta a unguwar Faisal ta birnin Alƙahira. Ban taɓa zama a aji ba, sa hannu ma sai dai in dangwala yatsa, amma na yi fatauci tun ina goyon fari, daga Damagaram zuwa Kano har Jidda. In na buɗe baki a gidan suna, mai tuƙa tuwo ma sai ta ajiye muciya ta matso. Wannan da kuke karantawa bakina ne, hannun maƙwabciyata kawai na ara. Ciwon gwiwa ne ya kawo ni Masar, na sauka wurin jikata da na raina tun tana tsumma, wadda ke digiri na biyu a fannin kasuwanci.

Bincikenta a kan yadda ɗan kasuwa ko kamfani ke fita daga ƙasarsa ya kafa reshe a wata ƙasa ne. Ta daɗe tana tsara shi: wa za ta tambaya, me za ta tambaya, yaya za ta auna amsoshin. Malamarta, wata Bamisriya da suke ce wa Duktura, ta yi ta dawo mata da tsarin kafin ta amince. Ni kuwa ina yi mata tsiya, ina cewa mu mun ƙetare ƙasashe ba mu tsara komai ba, ita tana cewa ai shi ya sa gwiwa ta ƙare, Kaka. Da aka zo fita yin hira, 'yan kasuwarmu Hausawa da ke Masar suka ƙi sakin jiki da yarinya mai ɗaukar murya a waya. Nan na yi mata rana. Na kai ta wurin masu shigo da zoɓo da riɗi, da masu aika dogayen riguna gida, har da wani Alhaji mai ofis a unguwar Muhandisin, kowa ya ce ta zo, ai jikar Hajiya ce.

Sai wata rana ta karanta mini tambayoyin. Ciki har da ko ka taɓa karyewa, ko wani ya taɓa cutar ka a baƙuwar ƙasa, me ka yi kuskure. Na ce a raina, yanzu wannan takarda Larabawa za su karanta, su ce Bahaushe bai iya kasuwa ba? Mu da aka raine mu a kan rufin asiri? Sai na riƙa riga ta zuwa wurinsu a ɓoye da sunan gaisuwa, ina ce wa kowa yarinya ce, ba ta san abin da ake faɗa ba, a rufa mana asiri. Wanda bai iya zance ba har tsara masa nake yi: ka ce da jaka ɗaya ka fara, ka riƙe amana, ka yi haƙuri, Allah ya buɗa. Wallahi a lokacin gani nake taimakonta nake yi.

Da ta fassara hirarrakin ta kai, Duktura ta kira ta ofis. Ta ce ba a taɓa yin mutane daban-daban su ba da labari iri ɗaya ba, kowa da jaka ɗaya ya fara, ba wanda ya taɓa asara. Ta ce ga alama a ɗaki ta zauna ta ƙirƙira, kuma za ta kai maganar gaban kwamiti. In haka ta tabbata, kora ce, tallafin karatu ya tafi, takardar zama ma ta tafi. Yarinyar nan ta dawo ko abinci ba ta taɓa ba, ta kunna muryoyin tana neman inda ta yi kuskuren fassara. Ina zaune ina jin kalmomina suna fitowa daga bakin Alhaji, har da inda nake jan numfashi. Sai na faɗa mata abin da na yi. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, ita inda ake faɗuwa take nema, don na baya su san wurin. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ban tsaya kuka ba. Washegari na ɗaure gwiwa, na ce ta tashi, muka hau ƙaramar bas zuwa unguwar Duƙƙi, inda ofishin malamarta yake. Na zauna gaban Duktura na zayyana mata komai, jikata na fassarawa kanta a sunkuye. Matar ta ce ma'alish ya Hajja, wato in yi haƙuri, ta yarda yarinyar ba ta yi ƙarya ba, amma aikin ya lalace, sai an sake daga farko, kuma kada in kusanci ɗakin da ake hira. Na ce to a ɗauki muryata ni, ina da abin faɗa. Ta ce ba a sa dangin mai bincike a lissafi. Na ce tamam, shi ke nan, na san inda zan kai labarina.

Na koma gidan kowa ni kaɗai, na ba su labarin da ko 'ya'yana ba su sani ba. Na taɓa buɗe shago a Sudan, kuma turaren wuta na kai musu, mutanen da a wurinsu ake koyon haɗa shi. Ban tambayi kowa ba, don ina ganin na fi ƙarfin tambaya. Kaya suka kwanta, ɗan garin da aka rubuta shagon da sunansa ya sa kwaɗo ya ce nasa ne, na dawo gida na ce maigida ne ya hana ni zama. Alhaji ya yi dariya har da hawaye, ya ce Hajiya, turare a Sudan? Da ya gama sai ya ce shi ma zoɓonsa ya taɓa ruɓewa a tashar jirgin ruwa saboda takarda ɗaya da bai san ana nema ba, in jikata ta dawo zai faɗa mata. Ba kowa ya yarda ba. Wata mai riguna ta ce jiya na mai da ta maƙaryaciya, yau kuma ina so in mai da ta karyayyiya, in fita mata daga gida. Har yau ba ta amsa gaisuwata. Dole jikata ta nemo sababbin mutane, 'yan ajinsu suka gama suka bar ta, sai a shekara ta gaba ta karɓi takardarta.

Shekarar nan ni na ci mata ita, kuma ba ni da inda zan samo in mayar. Iyaye da kakanni, in ɗanku na aikin da ba ku san kansa ba, ku tambaye shi abin da yake so kafin ku taimaka. Ku kai shi ƙofa, ku tsaya a waje. Ku kuma 'yan kasuwa, in ɗalibi ya zo muku, ku faɗa masa inda kuka faɗi, don akwai wata can tana ɗaure kayanta, za ta bi hanyar da kuka bi.