Rijiyar Da Muka Kasa Yashewa

Shagon ɗinkina yana cikin tsohon gari a Karaye, inda lungu yake da ƙunci har idan masu mashin biyu suka haɗu sai ɗaya ya jingina da katanga. Da can, in na ɗago kai daga keke, tsohuwar rijiyar unguwa nake fara gani. Bakinta itacen ƙirya ne, igiyar guga ta ci shi har yatsa yana nutsewa a gurbin. Muna yara ana ce mana fatake masu zuwa daga kudu a nan suke sauke kaya su shayar da jakuna, kuma ba a taɓa ganin ta ƙafe ba.

Da aka haƙa mana burtsatse mai inji a bakin titi, sai kowa ya juya mata baya. Aka fara da jefa leda, aka koma juye kwandon shara gaba ɗaya. Ina gani daga shago, in yi magana a ce to, gobe a sake.

Wata bazara injin burtsatsen ya ƙone, wanda ya yi mana shi kuma muka neme shi muka rasa. Ruwa ya zama sai na 'yan ga-ruwa, su ma kafin kurarsu ta shigo lungunmu jarkokin sun ƙare. Ranar da na koma gida na tarar da maiɗakina tana ɗauraye kwanuka da ruwan da ta wanke shinkafa, na ce abin ya isa. Bayan sallar la'asar na tsaya a ƙofar masallaci na ce me zai hana mu yashe tsohuwar rijiya. Ba wanda ya musa. Mai unguwa ya ce tunda ni na kawo shawarar, ni zan riƙe aikin.

Na rufe shago na hau mashin har Fulatan, wajen Rogo, inda aka yi min kwatancen wani mai yasar rijiya. Dattijo ne siriri, marar yawan magana. Ya zo da ƙaninsa da igiyoyinsu, ya leƙa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Da sauran ranta. In an bar mu mun yi aiki, za ku sha ruwa kafin damina."

Kwanakin farko har yanzu in na tuna su sai raina ya yi daɗi. Samari suna ja, ana fito da leda da tsofaffin takalma da taɓo baƙi ƙirin mai wari. Mata suna leƙe ta kan katanga. Sai aka fara fito da kayan mutanen da: fasasshen tulu, rabin akushi, sannan wani guntun ƙarfe kamar bakin diga, tsatsa ta cinye shi.

Akwai tsohon gidan maƙera a gabas da rijiyar. Babbansu, wanda duk muke kira Baba, ya karɓi ƙarfen ya goge da bakin rigarsa, ya juya shi, ya ce wannan ƙirar gidansu ce, da ita kakansa ya haƙa rijiyar. Wani cikin samarin ya ce ai kuwa ya kamata in an gama a kafa allo a rubuta tarihin, mutane suka ce shawara ta yi.

Kafin magariba maganar ta kai gidan da ke yamma, gidan jikokin fatake. Babban gidan Alhaji ne mai sayar da hatsi, kuma daga gidansa ake kawo wa masu aiki abinci tun ranar farko. Washegari da hantsi ya tako har shagona.

Muka gaisa, na ba shi kujera, bai zauna ba. Ya ce, "Tela, na ji za ku rubuta allo."

Na ce, "Alhaji, magana ce kawai ta yara, ba a yanke komai ba."

"To ka sani. Maƙeri ƙarfe yake ƙerawa, wanda ya saya shi ne mai aiki. Kakana ne ya sa aka haƙa ta saboda baƙinsa. Kowa a garin nan ya san haka."

Na ce a bar allon gaba ɗaya, ruwa muke so. Ya ce a'a, tunda an riga an furta, barin sa ma magana ce.

Da azahar sai ga abinci daga gida biyu. Baba ya ce in aka ci gaba da cin tuwon Alhaji shi kaɗai, gobe za a ce shi ya yashe ta don tasa ce. Mai yasa, bawan Allah, ya fito daga rami a gajiye, ya ja kwanon da ya fi kusa da shi ya ci. Na gidan maƙera ne. Da yamma samarin gidan Alhaji ba su zo jan igiya ba. Washegari na roƙe shi ya ci na yamma don a daidaita, ya ci, sai samarin gabas suka janye. Mutum biyu ba sa yasar rijiya, dole aiki ya tsaya.

Na shiga zirga-zirga tsakanin gidajen nan kamar mai neman aure. In tsuguna a zauren Baba, ya faro min daga zuwan kakanninsa garin, ya bi ta kan wanda ya ƙera ƙyauren ƙofar gari, har a kira salla bai zo kan rijiya ba. In je wajen Alhaji, shi ma ya ɗauko hanyar fatake tun daga inda ake sayo goro. Na ji tarihin unguwarmu a makon nan fiye da duk abin da na ji a rayuwata, kuma da a wani lokaci ne da na zauna na saurara da marmari. Amma ina jin su ina hango mai yasa zaune a inuwar shagona yana gyaran igiyar da ba ta lalace ba. Ɗinkin mutane kuwa ya taru a kan tebur, masu kaya suna zuwa suna komawa da fushi.

Na je wajen gwaggona, wadda a lokacin ba mai shekarunta a lungun. Na tambaye ta wa ya haƙa. Ta ce, "Ni dai na tashi na gan ta. Kakannin nasu duka na san su, tare suke alwala a bakinta, ban taɓa jin sun yi wannan zancen ba." Na ce ko za ta faɗa a gaban mutane. Ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, so kake su haɗu su dawo kaina?"

Mai unguwa ya tara mu a zaurensa. Ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ce a rubuta gidajen biyu. Sai aka koma kan wanda za a fara rubutawa. Nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Matanmu ba su da ruwan girki. Wanda duk ya haƙa ta, don a sha ya haƙa. A bar mutanen nan su gama, in ya so a shekara ana tarihin."

Sai Baba ya ce, a hankali, "Yaro, ba za ka gane ba. Kakanka zuwa ya yi."

Alhaji ya gyaɗa kai. A duk zaman nan, wannan ce kaɗai maganar da suka yarda da juna a kanta. A unguwar aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni, gashina har ya fara fari. Na sunkuyar da kai.

Mai yasa ya jira iya jira. Da hadari ya fara haɗuwa ta gabas ya ce gonarsa tana jiransa. Yana ɗaure kaya a mashin ya kira ni gefe ya ce, "Maigida, da ba a taɓa ta ba da ya fi. Sharar nan ita ta tokare gindin. Yanzu mun kwashe, ba mu ɗaure ba. Ruwa mai ƙarfi ya sauka, za ta zabtare." Na kai wannan magana gidajen biyu. Kowanne ya ce in je in faɗa wa ɗayan.

Ruwan ya sauka kuwa. Gefen arewa ya rufta, itatuwan ƙiryar suka faɗa ciki. Ba a jima ba akuyar wata maƙwabciya ta zame ta faɗa, da ƙyar aka ciro ta. Hankalin kowa ya tashi, aka ce yau akuya ce, gobe fa? A safiya ɗaya aka yanke shawarar rufe ta, ba taro ba musu. Gidan gabas suka kawo rodi, gidan yamma suka kawo siminti. Samarin da suka ƙi jan igiya tare, su ne suka cika ramin da ƙasa suna raha, suka zuba daɓe suka shafe. Ban fita ba. Na zauna a kan keke ina takawa da ƙarfi har allura ta karye.

Har yau ruwan ga-ruwa muke sha. Daɓen ya zama dakali mai faɗi, iska tana kaɗawa a wurin. Da yamma Baba da Alhaji sukan shimfiɗa tabarma a kai su zauna tare, suna hirar farashin taki da ciwon gwiwa. In na rufe shago dole ta gabansu zan bi. Nakan rusuna in gaishe su, su amsa da fara'a, su tambayi iyali, in ce lafiya lau. Wani lokaci Alhaji ya matsa ya ce in zauna a taɓa hira. Sai in ce ana jirana a gida.