Kujerar Baya

Jiya na cire kujerar yara daga motata, don ta yi wa 'yata Hanifa kaɗan, sai na tsinci busasshen ɓarin goro a ƙarƙashinta. Na Baba ne. Yau shekara biyu ke nan ba ya duniya.

Mahaifina bai taɓa yarda da tuƙin kowa ba. Duk ranar da zan ɗauke shi daga unguwar Germantown zuwa asibiti wankin ƙoda, gaba yake zama, ya riƙe ƙofa gam, yana taka birkin da babu shi, ni kuma raina na ɓaci.

Ranar da likita ya ce babu sauran abin yi, muna fitowa sai ya buɗe ƙofar baya, ya zauna kusa da Hanifa da ke barci baki buɗe.

"Baba, ba za ka dawo gaba ba?"

Ya ce, "Dubi yarinyar nan. Ba ta san inda za a kai ta ba, kuma ko a jikinta. Ja mu tafi."

Kafin mu hau babban titi na ji minsharinsa. Ni ce na riƙe sitiyari gam, hawaye na tare min hanya. Kwana tara ya ƙara a duniya.

Har yau ban iya irin barcin nan ba. Allah Ya sa wanda kake yi yanzu ya fi shi daɗi, Baba.