Kwalekwale da Tungarsa

Lokacin muna ƙarƙashin tsohuwar jihar Sakkwato, ni ne akawun ofishin kifi a Yelwa. Aka ce mu gyara rajistar masunta, za a shigar da ita kwamfuta. Kowane layi yana ɗauke da lambar kwalekwale, da tungar da yake kwana, wato zangon masunta, da sarkin ruwan tungar.

Ina cikin kwafa sai na lura cewa in na san tunga, na san sarkin ruwanta. Ashe shekara da shekaru ina wahalar da hannuna a banza wajen maimaita sunan sarkin ruwa a kowane layi. Na ware tungaye da sarakunansu a takarda guda. Daɗi ya kwashe ni, na ce ai lambar kwalekwale ma ita ke nuna tunga. Na bi shafi bayan shafi, ban ga inda ta saɓa ba.

Na nuna wa wani tsohon masunci da ya shigo ofis. Ya yi dariya.

"Malam akawu, kullum sai ruwa ya janye kuke zuwa rubuta mu. In ya cika, kowa sauya tunga yake yi."

Nan take na ƙara gurbin lokaci a rajistar, ko janyewar ruwa ko cikarsa. Rajistar ba ƙarya ta yi mini ba, cikar ruwa ce ba ta taɓa gani ba.