Ba Zan Tsallake Darasin Nutso Ba

Ina ƙasan ruwa a wurin koyon nutso a Croydon, tukunyar iska a bayana, sai ƙafar wani ɗalibi ta fizge min gilashin fuska. Ban firgita ba. Na lalubo shi na mayar, yadda malamarmu ta sa muka yi ta maimaitawa.

Da na fito, Yaya Sadiq yana jirana. Ya ce, "Har yanzu wasan yaran nan kike? Na yi mana booking na nutso a teku, ki bar sauran darussan."

Na ce, "Yaya, ka yi cancel nawa. Yanzun nan wasan yaran ya hana ni shaƙar ruwa."

Har yau fushi yake, ni kuwa sai na gama darussana. Da ku ne, za ku bi shi?