Ƙahon Babanmu Da Na Hana Wuta

A shekarun nan kafin a ba mu mulkin kai, ni saurayi ne ɗan Maguzawa, mai ƙarfi, mai zafin rai, mai ganin ya fi kowa riƙon addini. Daga wani ƙauye kudu da Kano na fito, na shigo ta Ƙofar Ɗan Agundi da ƙunshin kayana a ka, na sami aikin bugu a gidan wani Alhaji a Zaitawa. Mu ne masu zama gaban gungume muna dukan rawuna da turkuɗi har shuni ya yi ƙyalli. Alhaji ya san ni mai bin Yesu ne tun daga ƙauye, bai taɓa tsangwama ta ba. Abin da ya ce kawai shi ne in riƙe gaskiya, in kuma bar wa'azina a bayan ganuwa. A soronsa nake kwana, ran Lahadi in yi sammako in taka har Sabon Gari sujada. A majami'a ni ne mai shara, ni ne mai jera bencina, ko ana ruwa ko ana rana ban taɓa fashi ba, kuma ina so a san haka.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Tare aka yi mana baftisma, amma da babanmu ya rasu sai ya juya baya, ya gaji tsafin gidanmu, ga yanka, ga giya, ga waƙa a wajen biki. Na daɗe ina faɗa wa mutane ni ba ni da ƙane. Kwatsam wata Lahadi sai ga shi a ƙofar majami'a, ya rame ya yi baƙi, da buhu a kafaɗa, yana kuka yana cewa ya gaji, ya tuba. Jama'a, ku zo ku ga murna! Mata suna ta guɗa, fasto ya rungume shi da dauɗarsa da komai, ya yi wa'azi kan yadda Allah ke farin ciki da wanda ya ɓata ya dawo. Ni kuwa ina gefe da tsintsiya a hannu, raina yana tafasa. Shekara da shekaru ina share wannan wuri, ba a taɓa yi mini guɗa ba.

Al'adar ikilisiya ce wanda ya tuba ya ƙone kayan tsafinsa a gaban kowa. Da yake ni ne wa, aka ce ni zan juye buhun a wuta. Ina sa hannu na ji ƙahon babanmu, wanda aka naɗe da jar fata, wanda tun muna yara ake ce mana na farin jini ne. Kafin ka ce kwabo na zura shi a aljihun rigata, na juye sauran. Na gaya wa kaina wai don tunawa da baba na ɗauka. Ƙarya nake yi. A zuciyata na yarda cewa wannan ƙaho ne ya sa ake son yaron nan duk inda ya sa ƙafa, kuma ni ma ina son rabona.

Ba a jima ba aka gano muryarsa, aka sa shi ya riƙa ba da waƙa. In ya buɗe baki tsofaffi sai hawaye. Ni kuma sunana ya ɓace, na koma wan mai waƙa. Kai, wannan suna ya ci mini rai! A gidanmu an san tsafi ba a ajiye shi da yunwa, in ka riƙe shi sai ka ba shi jini, in ba haka ba ya juyo kanka. Na sani sarai, na kuma ji tsoro. Sai ga ni, mai jera bencina, ina sayen jan zakara, ina laɓewa bakin kududdufi da tsakar rana ina yankawa ina shafa wa ƙaho. Da fari farin jini nake roƙo. Daga baya bakina ya faɗi abin da ke cikina, na ce a kashe mini wannan murya in huta.

A wani rami na bangon soro nake ɓoye shi, har tururuwa da ke bin jinin ta tona mini asiri. Alhaji ya kira ni gefe, bai ɗaga murya ba. Ya ce ko a addininsa ko a nawa wannan haɗa Allah da wani ne, in fitar masa da shi daga gida kafin azahar. Ya kuma tambaye ni da wa nake fushi haka. Na ce babu kowa. Na fitar da shi daga bango, amma ban yar ba, a jikina na ci gaba da ɗaure shi.

Da bazara ta yi zafi sanƙarau ya shigo gari, ya kwantar da ƙanena. Ya tashi da kyar, amma kunnuwansa sun tafi, ko aradu ba ya ji. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau shi ne, ranar da aka ce an sa wani ya riƙa ba da waƙa a maimakonsa, sai da na ji wani sanyi ya ratsa zuciyata. Wannan sanyin ne ya firgita ni. Na daina cin abinci, hannuna ya riƙa kuskuren gungume, har abokan bugu suka fara tsokanata wai ko aljana ta aure ni.

Na same shi zaune a tabarma a gidan fasto inda yake jinya. Na durƙusa na faɗi komai, tun daga buhu har zakara, ina kuka ina ɗaga murya. Shi kuwa yana kallon bakina yana murmushi, yana shafa kafaɗata, a zatonsa tausayinsa nake ji. Na roƙi shiru, ga shi an ba ni, ko tubana babu kunnen da zai shiga. Sai na kwance ƙahon na ajiye a gabansa. Ya ɗauka ya jujjuya, sannan ya yi magana da ƙarfi irin ta wanda ba ya jin kansa. Ya ce ai tun ranar wuta ya sani, don shi ya zuba kayan a buhu kuma bai ga ƙahon ya faɗa ba, ya yi shiru ne don kada in ji kunya, yana yi mini addu'a. Ya ce ƙaho ƙaho ne, ya ciyar da shi shekaru bai ba shi komai ba sai yunwa, ciwon nan kuma ya kama 'ya'yan waɗanda ba su da maƙiyi ko ɗaya. Ya ce Ubangijin da ya karɓe shi da jini a hannu ba zai kore ni ba. Ya miƙe yana tangaɗi, ya jefa ƙahon a murhun da matar fasto ke girki. Ƙaurin gashi ya tashi, shi ke nan abin da ke cikinsa.

Ran Lahadi na tsaya gaban ikilisiya na tona kaina. Ina rufe baki mata suka ɗauki guɗa. Guɗar da na yi shekaru ina ƙishirwarta ke nan, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ƙanena bai ji ta ba, bakunansu kawai ya gani, ya yi ta dariya yana tafi.

Na san ba ƙaho ne ya kurmantar da shi ba, amma na san abin da na roƙa, kuma wannan ya ishe ni kuka har in mutu. Abin da na gane shi ne gunkina ba ƙahon ba ne, son a gan ni ne, tun ina riƙe da tsintsiya nake masa sujada. 'Yan'uwa, in kuka ga Allah ya ji ƙan wani kuka ji zafi, ku binciki aljihunku tun da wuri. Jinƙansa ba tuwo ba ne da za a ce in wani ya ci naka ya ragu. Ƙanena bai daina waƙa ba, sai dai yakan riga mutane ko ya makara. Don haka na bar shara na koma zama kusa da shi, ina buga masa amo a gwiwa da wannan hannu nawa na bugu, har ranar da Allah ya ɗauke shi. Yanzu na tsufa, amma duk sanda aka ta da waƙa sai in ga hannuna ya miƙa gefe yana neman gwiwarsa.